Hasumiyar Eiffel: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihinta da Yadda Aka Ƙera Ta

Da wuya a nuna hoton birnin Paris ba a ga wannan doguwar hasumiya ta ƙarfe ba. Ɗaliban injiniya, da matafiya masu shirin zuwa Faransa, da masu sana'ar walda da ƙira waɗanda suka ga hotonta suka tsaya lissafin yadda aka yi ta, kusan tambayoyi iri ɗaya suke maimaitawa. Su ne aka tattara a nan. Da gangan na ce "ƙera" a maimakon "gina", domin in ka cire harsashinta, aikin maƙera ne tun daga ƙasa har ƙololuwa.

Mece ce Hasumiyar Eiffel, kuma a ina take?

Hasumiya ce ta zallan ƙarfe mai ƙafa huɗu, tana tsaye a bakin Kogin Seine, a ƙarshen wani dogon fili da ake kira Champ de Mars a birnin Paris. Faransawa suna furta sunan "Efel", suna kuma yi mata kirari da "matar ƙarfe". An fara haƙa harsashinta a ƙarshen Janairun 1887, aka kammala ta ranar 31 ga Maris 1889, wato shekara biyu da wata biyu da 'yan kwanaki. Hawa uku ne jama'a ke zuwa: na farko a mita 57 daga ƙasa, na biyu a mita 115, na uku a mita 276. Filin da ƙafafunta suka zauna a kai murabba'i ne, kowane gefe mita 125.

Nawa ne tsayinta? Har yanzu tana cikin gine-gine mafi tsawo?

Ranar da aka gama ta, ƙarfen kansa mita 300 ne, da sandar tuta ya zama 312. Eriyoyin rediyo da talabijin da aka riƙa ɗora mata sun ƙara mata tsawo, kuma ta baya-bayan nan, wadda jirgi mai saukar ungulu ya sauke a kanta a Maris 2022, ta kai ta mita 330.

Kafin ita, gini mafi tsawo a duniya shi ne hasumiyar tunawa da Washington a Amurka, ta dutse, mai mita 169. A tashi ɗaya Eiffel ta kusa ninka ta biyu, ta riƙe kambun shekara 41, sai a 1930 ginin Chrysler na New York ya sha gabanta. Yau kam an yi mata nisa: hasumiyar agogon Makka mita 601 ce, Burj Khalifa ta Dubai kuma 828.

Me ya sa aka gina ta tun farko?

A 1889 ne juyin juya halin Faransa na 1789 ke cika shekara ɗari, sai gwamnati ta shirya gagarumin bikin baje koli na duniya a Paris, tana son wani abu a mashigar wurin da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Akwai kuma wani miki a zuciyar Faransawa. A yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamusawa sun ci su, sun ƙwace yankin Alsace da wani ɓangare na Lorraine. Hasumiyar hanya ce ta cewa ƙasar ta miƙe, masana'antunta kuma suna nan da ransu.

A Mayun 1886 ministan kasuwanci, Édouard Lockroy, ya buɗe gasa: a kawo zanen hasumiyar ƙarfe mai mita 300 a kan murabba'in mita 125. An shigar da zane 107. Sai dai duk wanda ya karanta sharuɗɗan ya san kusan an yanka rigar ne daidai jikin kamfanin Eiffel, wanda ya riga ya shekara biyu yana aiki a kan wannan zane.

Gustave Eiffel ne ya zana ta da kansa?

Ba shi ba ne. Injiniyoyi biyu da ke aiki a ƙarƙashinsa, Maurice Koechlin da Émile Nouguier, su suka fara fito da tunanin, kuma Koechlin ne ya yi zanen farko a Yunin 1884. Da aka nuna wa Eiffel bai zaƙu ba, ya dai ba su izini su ci gaba. Sai suka jawo mai zanen gine-gine na kamfanin, Stephen Sauvestre, ya ƙara manyan bakan gizon nan huɗu da ke tsakanin ƙafafu, da ɗakunan gilashi a hawa na farko, abin ya tashi daga kama da turken gada ya zama abin kallo. A nan ne hankalin Eiffel ya dawo. A Satumbar 1884 aka yi rajistar haƙƙin mallakar fasahar da sunan su uku, shi da injiniyoyin biyu, daga baya ya saye kasonsu.

Wasu kan ce ai wannan kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. A ganina maganar ta yi tsauri. Koechlin ya cancanci a riƙa ambaton sunansa fiye da yadda ake yi, amma zane a takarda ba ya tsayar da ƙarfe tan dubu bakwai. Eiffel ne ya shawo kan gwamnati, ya tsaya gaban masu suka, ya kuma jefa dukiyarsa cikin haɗari, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi kuɗi.

To shi Eiffel ɗin wane ne?

An haife shi a Dijon a Disambar 1832, ya rasu a Paris a Disambar 1923 yana da shekara 91. Sana'arsa ta asali gadojin jirgin ƙasa. Kamfaninsa ne ya yi gadar Maria Pia a Porto ta ƙasar Fotugal a 1877, da gadar Garabit a tsakiyar Faransa a 1884, da kuma ƙashin ƙarfen da ke riƙe da mutum-mutumin 'yanci na New York daga ciki. Dogayen turakun waɗannan gadoji, masu faɗi a ƙasa suna tsukewa a sama, su ne iyayen hasumiyar.

Rayuwarsa ba ta tafi sumul ba. Ya karɓi kwangilar ƙofofin ruwa na mashigin Panama, kamfanin da ke aikin ya durƙushe da kuɗin dubban Faransawa, a 1893 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da tarar kuɗi. Kotun ƙoli ta soke hukuncin, amma daga nan ya janye daga harkar kwangila ya koma binciken kimiyya, kuma wannan juyi ne ya ceci hasumiyar daga baya.

Wa ya biya kuɗin aikin?

Gwamnati ta ba da faran (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 1.5 kawai, alhali aikin ya ci kimanin faran miliyan 7.8. Sauran Eiffel ne ya nemo, kuma a yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 8 ga Janairu 1887 da sunansa na kansa ya shiga, ba da sunan kamfani ba. Abin da aka ba shi a madadin haka shi ne kuɗin shiga na lokacin bikin da na shekara 20 bayansa. Tikitin hawa na farko faran 2 ne, na biyu faran 3, ƙololuwa faran 5, ranar Lahadi rabin kuɗi. Mutum kusan miliyan biyu suka hau cikin watanni shida na bikin, don haka kafin shekara ta fita ya kusa mayar da abin da ya kashe.

Da wane irin ƙarfe aka yi ta?

Da baƙin ƙarfe ne wanda aka tace ta hanyar tuƙi. Ana narkar da ɗanyen ƙarfe a cikin tanderu, ma'aikaci ya tsaya a bakin wuta da doguwar sanda yana juya shi kamar mai tuƙa tuwo da muciya, har yawancin sinadarin kabon da ke sa ƙarfe saurin karyewa ya ƙone. Sai a kwaso curin, a daka shi da gudumar inji don datti ya fita, a murje shi ya zama falle ko sanda. Irin wannan ƙarfe yana lanƙwasa kafin ya karye. A lokacin an riga an fara amfani da ƙarfen zamani da ake kira sitil, amma Eiffel ya zaɓi wanda ya shekara talatin yana aiki da shi ya san halinsa ciki da bai. Ƙarfen jikin hasumiyar tan 7,300 ne, in an haɗa da lifta da shaguna da sauran kaya nauyin ya kai kimanin tan 10,100.

Da gaske ne daga Aljeriya aka kwaso ƙarfen?

Wannan magana tana yawo sosai, ana ambaton mahaƙan Zaccar da Rouina. Dalilin da ya sa take shiga rai a fili yake, tunda Faransa ta mamaye Aljeriya tun 1830 ta kuma kwashi ma'adinanta, har da tama. Amma a kan hasumiyar, abin da takardun aikin suka nuna shi ne ƙarfen ya fito daga masana'antar Fould-Dupont da ke garin Pompey kusa da Nancy, a Lorraine, yankin da yake da tamarsa a ƙarƙashin ƙasa. Akwai ma allon ƙarfe mai ɗauke da sunan masana'antar a gindin ɗaya daga cikin ƙafafun. Alaƙar hasumiyar da mulkin mallaka tana nan, sai dai ta wata fuska ce dabam. Duba amsar da ke magana kan 'yan Afirka a bikin 1889.

Yaya aka yi harsashi a bakin kogi bai nutse ba?

Ƙafafun gabas da kudu ba su ba da wahala ba, an haƙa aka tarar da tsakuwa mai ƙarfi aka zuba kankare. Na arewa da yamma ne suke kusa da kogi, inda ƙasar laka ce mai tsattsafo da ruwa. Dabarar da aka yi ita ce ta akwatunan ƙarfe marasa gindi. In ka kifa ƙwarya cikin ruwa ka danna, iskar da ke ciki ba ta barin ruwa ya cika ta. Haka aka kifa waɗannan manyan akwatuna, inji yana tura musu iska mai matsi, leburori suna ciki suna haƙa da fitilar lantarki, ana fitar da ƙasa ta wani bututu. Suna haƙa akwatin na nutsewa, har ya dira kan ƙasa mai tauri, sannan aka cika shi da kankare. Eiffel ya san wannan dabara tun yana saurayi, a aikin wata gadar jirgin ƙasa a Bordeaux.

Kowace ƙafa tana da manyan ginshiƙai huɗu, kowane ginshiƙi da nasa dandamalin dutse, goma sha shida ke nan, an ɗaure su da noti masu tsawon sama da mita 7. Wata biyar aka yi ana wannan aiki, ranar 1 ga Yuli 1887 aka fara ɗora ƙarfe.

Tunda babu walda a jikinta, da me aka haɗa ƙarafan?

Da ƙusa mai kai biyu, guda miliyan biyu da rabi. Wannan ita ce tambayar da masu sana'ar ƙarfe suka fi yi, kuma amsarta ta fara ne tun daga teburin zane. Injiniyoyi da masu zane kimanin 50 sun fitar da zane 5,300, an lissafa kowane ɗaya daga cikin gutsattsarin ƙarfe 18,038 shi kaɗai, an nuna inda kowane rami zai zauna da kuskuren da bai wuce milimita ɗaya ba. A masana'antar Eiffel da ke Levallois-Perret, a gefen Paris, aka yanka aka huda, aka haɗa su gungu-gungu masu tsawon kamar mita biyar, sannan keken doki ya kai su filin aiki. Kashi biyu cikin uku na ƙusoshin a can masana'anta aka buga su. Doka kuma ɗaya ce: ba a huda ko gyara ƙarfe a filin aiki. In rami bai hau kan rami ba, a mayar da shi Levallois.

A sama kuwa, kowace ƙusa mutum huɗu take buƙata. Na farko yana gaban ɗan ƙaramin murhun maƙera da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri, yana gasa ƙusar har ta yi jawur. Na biyu ya cafke ta da awartaki ya zura a rami, ya tokare kanta ta baya. Na uku ya ɗora wani ƙarfe mai kwarmi a kan wutsiyar da ta leƙo. Na huɗu ya sauke masa guduma har wutsiyar ta baje ta zama kai na biyu. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, a nan ba karin magana ba ne kawai, domin in ƙusar ta huce kafin a gama sai a cire a sake. Sirrin kuma yana cikin hucewar: ƙarfe in ya yi sanyi yana tsukewa, sai ƙusar ta jawo fallayen biyu ta matse su gam, matsin da hannu ba zai iya ba. Kafin a buga ƙusa, noti na wucin gadi ne ke riƙe da gungun, ana cire su ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da na hau ta da ƙafa, abin da ya fi tsayar da ni ke nan, fiye da kallon birnin. A gefen matakala kawunan ƙusoshin suna jere kamar an shirya ƙwallayen goruba, fenti ya yi musu kauri. Na ɗora yatsa kan guda ɗaya na tuna cewa mutum huɗu ne suka taru a kanta, wataƙila cikin sanyin Disamba, ƙasa tana can nesa ƙarƙashin ƙafarsu.

Yaya ƙafafu huɗu da suka taso dabam-dabam suka haɗu daidai?

Nan ne wurin da aikin ya fi haɗari. Kowace ƙafa a karkace take tashi, tana jingina zuwa tsakiya, ba abin da ke riƙe da ita sai harsashi da manyan tokaran katako. Dole kuma dukkansu huɗu su iso hawa na farko a tsayi ɗaya, ramukan ƙusa suna kallon juna. Dabara biyu aka yi. A kan tokaran an sa akwatuna cike da yashi, ƙafar tana jingine a kansu; in ana son ta ƙara sunkuyawa sai a buɗe ɗan rami yashi ya tsiyaya kaɗan. A gindin ginshiƙan kuma an sa jak mai aiki da ruwa, kowanne yana iya tura tan 800, don ɗaga ƙafar in ta yi ƙasa. Da yashi da jak aka riƙa lallaɓa ta har ranar 7 ga Disamba 1887 da manyan ƙarafan hawa na farko suka haɗu.

Bayan nan an cire jak ɗin an cusa ƙarfe a gurbinsu, don haka zancen cewa har yau a kan jak take zaune ba gaskiya ba ne. An gama hawa na farko a Afrilun 1888, na biyu a Agusta. Ƙugiyoyin ɗaga kaya masu aiki da tururi suna hawa tare da ginin, a kan layin dogon da aka tanada don lifta.

Mutum nawa suka yi aikin, nawa kuma suka mutu?

A filin aiki tsakanin 150 zuwa 300 ne, gwargwadon mataki, da wasu kimanin 150 a masana'anta. Mutum ɗaya aka sani ya rasa ransa, wani ɗan Italiya, a 1889. A wancan zamani da ake asarar rayuka da yawa a manyan gadoji, wannan abin lura ne, kuma dalilinsa shingaye da dandamalin katako da ake matsarwa tare da ma'aikata, da kuma rage aikin da ake yi a sama tun daga masana'anta.

Ba a ce sun ji daɗi ba. Awa tara suke yi da hunturu, goma sha biyu da bazara. A Satumbar 1888 sun shiga yajin aiki suna neman ƙarin albashi saboda tsawo yana ƙaruwa sanyi na tafe, aka ƙara musu. Da suka sake a Disamba Eiffel ya ƙi sassautawa, sai dai ya yi alkawarin tukuici ga wanda ya tsaya har ƙarshe. An kuma buɗe musu wurin cin abinci a hawa na farko don kada hutun rana ya ƙare a hawa da sauka.

Me ya sa siffarta haka, kuma tana motsi?

Babban abokin gabar dogon gini iska ce. Shi ya sa aka saƙa ta kamar kwando, iska ta bi ta ramuka ta wuce, aka kuma lanƙwasa ƙafafun yadda duk turin da iska ta yi a sama zai gangaro ta cikinsu zuwa ƙasa. Lissafin iska ne ya fitar da wannan lanƙwasa da mutane ke yabawa. Bakan gizon da ke ƙasa kuwa ado ne, ba sa ɗauke da nauyin hasumiyar. Don a gane rashin nauyinta: da za a narkar da dukkan ƙarfen a zuba a kan murabba'in da take tsaye, kaurinsa santimita shida da ɗoriya ne kawai.

Tana motsi, amma kaɗan. Iska mai ƙarfi tana kaɗa ƙololuwar 'yan santimita, bai kai taƙi ɗaya ba. Rana ma ta fi iska tasiri: gefen da take duka yana miƙewa, sai kan hasumiyar ya ɗan kauce wa rana, kuma da zafi tsayinta kan ƙaru da kusan santimita 15.

Mutanen Paris sun yi maraba da ita?

Manyansu da yawa ba su yi ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1887, ana tsaka da haƙa harsashi, jaridar Le Temps ta buga takardar ƙorafi daga fitattun masu fasaha, cikinsu har da Charles Garnier wanda ya zana babban gidan wasan Opera, da marubuci Guy de Maupassant, da mawaƙi Charles Gounod. Sun kira ta abin banza mai muni, suka kwatanta ta da baƙin bututun hayaƙin masana'anta da zai danne tsofaffin gine-ginen birnin. Eiffel ya amsa musu a jaridar, ya ce abin da ya dace da ƙa'idar ƙarfi yana da nasa kyau, ya kuma kawo misali da dalar Masar. Ban ga laifin tsoronsu ba, domin Paris birnin farin dutse ne mai gajerun benaye, ba wanda ya taɓa ganin abu irin wannan. Talakawa dai da ƙafa suka ba da tasu amsar.

Yaya ranar buɗewa ta kasance, akwai lifta?

Ranar 31 ga Maris 1889 lifta ba ta fara aiki ba, sai Eiffel, yana da shekara 56, ya ja tawagar manyan baƙi da 'yan jarida suka hau matakala 1,710. Kaɗan ne suka kai ƙarshe, inda ya kafa tutar Faransa. An buɗe wa jama'a ranar 15 ga Mayu, kuma kusan mutum 30,000 suka hau da ƙafa kafin lifta ta fara tafiya a ƙarshen watan.

Liftar ta ba da ciwon kai saboda ƙafafun a lanƙwashe suke, kusurwar hanya tana canjawa a tsakiyar tafiya. Kamfanin Otis na Amurka ne ya yi ta ƙafar arewa da kudu, kamfanonin Faransa suka yi sauran. A 1899 aka sa wasu masu aiki da matsin ruwa na kamfanin Fives-Lille, kuma injin wancan zamani yana cikin waɗanda ke ɗaukar mutane har yau. Mai son hawa da ƙafa a yanzu zai taka matakala 674 zuwa hawa na biyu, daga nan sai lifta.

Akwai 'yan Afirka a bikin 1889?

Akwai, kuma labarin ba mai daɗi ba ne. Shekara huɗu kacal ke nan da tashi daga taron Berlin inda Turawa suka tsara rabon Afirka. A filin Invalides, ba nisa da hasumiyar, an kafa ƙauyukan kwaikwayo aka zuba mutane kimanin 400 daga ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Sanagal da Gabon da Kwango, jama'a suna zagayawa suna kallonsu yadda ake kallon kayan baje koli. Manufar ita ce a nuna hasumiya a gefe guda a matsayin ci gaba, su kuma a ɗaya gefen a matsayin hujjar mamaya. Shekara goma bayan haka, a 1899, sojojin Faransa suka shiga Damagaram. Ina yaba aikin maƙeran nan da zuciya ɗaya, amma ba na yarda a ba da tarihin bikin a tsallake wannan.

Wata alaƙar kuma ta aiki ce. Gadar Faidherbe ta birnin Saint-Louis a Sanagal, wadda aka buɗe a 1897, mutane da yawa suna jingina ta ga Eiffel. Kamfanin Nouguier ne ya yi ta, wato ɗaya daga cikin injiniyoyi biyun da suka fara tunanin hasumiyar, bayan ya bar wurin maigidansa.

Da gaske ne an so a rushe ta?

Izinin Eiffel na shekara 20 ne, zai ƙare a ƙarshen 1909, daga nan ta koma hannun hukumar birnin Paris, wadda ke da ikon kwance ta. Baƙi kuma sun ragu ƙwarai bayan bikin. Eiffel ya gane kallo kaɗai ba zai cece ta ba, sai ya mayar da ita ɗakin gwaji da kuɗin aljihunsa: ma'aunin yanayi a ƙololuwa, da gwajin sakin abubuwa daga hawa na biyu don auna turjiyar iska, da ramin gwajin iska a gindinta a 1909 wanda ya amfani masu ƙera jiragen sama na farko.

Wayar iska ce ta yanke magana. A Nuwambar 1898 Eugène Ducretet ya aika saƙo ba tare da waya ba daga hasumiyar zuwa ginin Panthéon, tazarar kilomita huɗu. Daga 1903 wani hafsan soja, Gustave Ferrié, ya kafa tashar sojoji a wurin da tallafin Eiffel. Da soja suka ga amfaninta, zancen rushewa ya mutu, aka sabunta izinin na shekara 70 daga Janairun 1910. A yaƙin duniya na farko tashar ta riƙa tare saƙonnin Jamusawa, a 1921 kuma aka fara watsa shirye-shiryen rediyo daga can.

Me ya same ta a yaƙin duniya na biyu?

Da Jamusawa suka shiga Paris a Yunin 1940, Faransawa sun lalata liftocin, sojojin da za su kafa tutarsu sai da suka hau da ƙafa. Hitler ya ɗauki hoto da ita daga tsallaken kogi, bai hau ba. A Agustan 1944 ya umarci kwamandansa na Paris, Janar von Choltitz, ya ragargaza birnin, umarnin bai tabbata ba, ranar 25 ga wata tutar Faransa ta koma ƙololuwa.

An ce wani ya taɓa sayar da ita?

Haka ne. A 1925 wani ɗan damfara mai suna Victor Lustig ya yi shigar babban jami'in gwamnati, ya tara dillalan tsohon ƙarfe a wani otal, ya gaya musu a asirce cewa za a kwance hasumiyar saboda tsadar gyara. Ɗaya ya biya, Lustig ya gudu da kuɗin, kunya kuma ta hana mutumin kai ƙara.

Sunayen wa aka rubuta a jikinta?

A kewayen hawa na farko akwai sunaye 72 na masana kimiyya da injiniyoyin Faransa, goma sha takwas a kowane gefe, irin su Lavoisier da Ampère da Fourier. Eiffel ne ya zaɓe su, babu mace ko ɗaya a cikinsu. An taɓa shafe su da fenti a farkon ƙarni na 20, aka dawo da su a 1986 zuwa 1987.

Yaya ta shekara sama da 130 tsatsa ba ta cinye ta ba?

Fenti. Eiffel da kansa ya nanata cewa ran hasumiyar yana hannun masu fenti. Kusan duk shekara bakwai ake sake shafe ta, ana cinye kimanin tan 60, kuma har yau da buroshi ake yi, ma'aikata na rataye da igiya suna kankare tsatsa suna bin kowane lungu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk inda fenti ya ɓare, musamman tsakanin fallaye biyu da kewayen kan ƙusa, nan ruwa ke kwanciya.

Launinta ya sha canjawa. Ja-ja ce a farko, ta taɓa zama rawaya a 1899, daga 1968 ta zauna a ruwan ƙasa. A zagaye na 20, wanda aka fara a 2019, an koma ruwan ƙasa mai ratsin rawaya irin na 1907, aikin kuma ya yi jinkiri saboda annobar korona da gubar dalma da aka tarar a tsofaffin fentin da ake kankarewa. Ana sa launin ya fi duhu a ƙasa ya yi haske a sama don ido ya gan shi bai ɗaya.

Ƙarfen da ke tsaye yau shi ne na 1889?

Mafi yawansa shi ne. Birnin Paris ne ke da hasumiyar, wani kamfani nasa mai suna SETE ke kula da ita, yana karɓar baƙi kimanin miliyan shida a shekara, kuma yana canja ƙusa ko falle in ya gaji. Babban gyara an yi shi a farkon shekarun 1980, lokacin da aka sauke mata kaya sama da tan dubu da aka riƙa ɗora mata tsawon shekaru. A 1983 aka cire tsohuwar matakala mai murɗe da ta haɗa hawa na biyu da ƙololuwa, aka yanka ta gida 24, aka yi gwanjon yawancinsu. Sauran guntayen da aka ciro a gyare-gyare ana adana su, kuma daga cikinsu aka yanko ɗan ƙarfe mai kusurwa shida, giram 18, aka dasa a tsakiyar kowace lambar yabo ta gasar Olamfik da aka yi a Paris a 2024.